Jiran Mahadi da Saukar Annabi Isa (A.S.): Wane Guzuri Muka Tanada?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya keɓanta da sanin gaibu, bai sanar da lokacin tashin ƙiyama ga mala'ika makusanci ko annabi mursali ba. Tsira da amincin Allah su tabbata ga cikamakin annabawa, shugabanmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi shi ne wata tambaya da wani dattijo daga cikin masu sahun gaba ya kawo mana bayan sallar Asuba a nan Ɗan Issa. Ɗansa babba, wanda shi ne ke riƙe da gandun gidan, ya saurari wani saƙo a salula, ana cewa wai an ga Mahadi a mafarki, wai zai bayyana a aikin Hajji mai zuwa, kuma wai duk wanda bai kama hanyar gabas ba kafin nan ya yi hasara. Yaron ya tsaya kai da fata sai an sayar da gonarsu ta bakin gulbi da shanun huɗa guda biyu, ya yi guzuri. Dattijon ya ce mana: "Malam, in maganar nan gaskiya ce, ba na son in tsare shi ga alheri. In kuwa ƙarya ce, ba na son in zuba ido ya sayar da abincin ƙannensa." Mun ga wannan tambaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, domin irin wannan saƙo yana yawo a hannun matasanmu da matanmu, don haka muka ga ya dace a amsa ta a gaban kowa.

Ba mu zargin wanda zuciyarsa ta karkata ga irin wannan zance. Wanda ya ga ɓarayin daji suna kore shanu suna ɗaukar mutane a ƙauyukan Madarunfa, ya ga ƴan gudun hijira daga Najeriya sun cika garuruwan jihar Maraɗi tun 2019, ya ga an rufe iyaka a 2019 aka sake rufe ta a 2023 har tiyar hatsi ta gagari mai iyali, dole ne ya tambayi kansa ko duniyar ce ta zo ƙarshe. Kuma ba mu manta da ranar 7 ga watan Nuwamba 2021 ba, ranar da ramukan zinariya suka rufta wajen Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. A kwanakin nan mun ji masu cewa ai wannan ita ce zinariyar da hadisi ya ambata. To, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) kogin Furatu ya ambata da sunansa, kuma umurnin da ke cikinsa shi ne wanda ya halarci wurin kada ya ɗauki kome. Abin mamaki, masu kafa hujja da hadisin ba su fasa shiga ramin ba.

Abin da ya tabbata da abin da aka yi saɓani a kansa

Da farko sai mu rarrabe mutum uku da jama'a ke cakuɗa labarinsu: Annabi Isa ɗan Maryamu (A.S.), da Mahadi, da Dujal. Biyu daga cikinsu ana yi musu laƙabi da Almasihu. Akwai Almasihun gaskiya, shi ne Isa (A.S.), akwai kuma Almasihun ƙarya, shi ne Dujal.

Game da Annabi Isa (A.S.), Alƙur'ani mai girma ya bayyana a Suratun Nisa'i, aya ta 157 da ta 158, cewa ba a kashe shi ba kuma ba a gicciye shi ba, Allah ne Ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Malaman tafsiri da yawa sun fahimci aya ta 159 ta wannan sura, da aya ta 61 ta Suratuz Zukhruf, a kan dawowarsa kafin tashin ƙiyama. Hadisan saukarsa kuwa suna cikin Buhari da Muslim ta hanyoyi masu yawa. A cikin dogon hadisin Nawwas ɗan Sam'an (R.A.), wanda Muslim ya ruwaito, an faɗi wurin saukarsa, wato farar hasumiya a gabashin birnin Dimashƙa, an kuma faɗi inda zai cim ma Dujal ya kashe shi, wato ƙofar Luddu a ƙasar Falasɗinu. Ba zai zo da sabuwar shari'a ba, domin an rufe annabci da Annabi Muhammadu (S.A.W.) kamar yadda aya ta 40 ta Suratul Ahzab ta tabbatar. Maƙwabtanmu Kiristoci su ma suna jiran dawowarsa bisa tasu aƙidar, wadda ta saɓa wa tamu a kan ko shi wane ne, Yahudawa kuma suna jiran nasu almasihun. Wannan darasi dai ba na muhawara da su ba ne.

Akwai wani abu a cikin wannan labari da ya kamata a tsaya a kansa. Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa idan Isa (A.S.) ya sauko, shugaban Musulmi na wannan lokaci zai neme shi da ya shige gaba ya ba da salla, shi kuwa zai ƙi, ya bi bayansa, saboda girmamawar da Allah Ya yi wa wannan al'umma. Ku duba fa, ƴan'uwa. Annabi ne daga cikin manyan manzanni biyar, ya sauko daga sama, aka miƙa masa limanci, ya ja da baya ya shiga sahu. Duk wanda kuka ga yana kiran mutane zuwa ga kansa, yana neman a bar masallatai a taru a ƙofar gidansa, ku auna shi da wannan ma'auni.

Shi kuwa Mahadi, matsayin hujjojinsa bai kai na saukar Isa (A.S.) ba, kuma gaskiya ce da ya kamata malami ya faɗa ba tare da jin nauyi ba. Ba a ambace shi a cikin Alƙur'ani ba. Buhari da Muslim ba su kawo hadisin da ya ambace shi da wannan laƙabi ba. Hadisansa suna cikin littattafan Abu Dawuda da Tirmizi da Ibnu Majah da Musnadin Imamu Ahmad, a cikinsu akwai ingantattu, akwai masu rauni, akwai kuma na ƙarya waɗanda ƴan siyasar daulolin farko suka ƙirƙira. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan hijira, ya bi isnadinsu ɗaya bayan ɗaya a cikin Muƙaddimarsa ya soki mafi yawansu. Amma jamhurun malamai, irin su Suyuɗi da Shaukani, sun tafi a kan cewa idan aka tattara su ma'anarsu ta tabbata, kuma a kan wannan muke. Abin da suka ƙunsa a taƙaice: mutum ne daga zuriyar Nana Faɗima (R.A.), sunansa da sunan mahaifinsa sun dace da na Manzon Allah (S.A.W.) da na mahaifinsa, zai cika ƙasa da adalci bayan ta cika da zalunci, zai yi mulki na shekara bakwai. Shugaba ne adali, ba annabi ba ne, ba a yi masa wahayi. Ƴan Shi'a Imamiyya suna da wata fahimta dabam, suna cewa an riga an haife shi, shi ne limaminsu na goma sha biyu wanda ya ɓuya tun shekara ta 260 bayan hijira. Malaman Sunna ba su tafi a kan haka ba.

Hadisin da masu kiran mutane gabas suka fi riƙewa shi ne na baƙaƙen tutoci da za su taso daga wajen Khurasan. Malaman hadisi sun yi saɓani a kan ingancinsa, da yawa sun raunana shi. Kuma tarihi ya nuna mana yadda aka yi ciniki da shi: da baƙaƙen tutoci Abbasiyawa suka taso daga Khurasan suka kifar da daular Banu Umayya a shekara ta 132 bayan hijira, Mahadi kuwa bai bayyana ba. A zamaninmu ma mun ga masu baƙaƙen tutoci, mun kuma ga abin da suka yi wa Musulmin Borno da na Diffa.

Abin da ƙasashenmu suka gani

Wannan jira ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da shekara ta 1200 bayan hijira ta gabato, wato wajen 1785, zancen Mahadi ya cika bakin malamai da almajirai tun daga Gobir har Borno. A cikin wannan yanayi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azinsa, kuma da jama'arsa ta yi nasara bayan hijirarsa daga Degel zuwa Gudu a 1804, sai mutane suka fara cewa ai shi ne Mahadi. Mu mutanen ƙasar Maraɗi mun san kakannin sarakunanmu sun daɗe suna gwabzawa da Sakkwato, amma wannan ba zai hana mu faɗin gaskiya a kan malamin ba. Shehu yana da rundunar da ta ci birane, yana da almajirai dubbai da ke shirye su gaskata shi, da ya ce shi ne, da kaɗan ne za su musa. Sai ya ɗauki alƙalami ya rubuta littafi mai suna Tahzirul Ikhwan, ya kore wa kansa wannan da'awa, ya kafa hujja da cewa siffofin da aka ruwaito ba su dace da shi ba, har ya ambaci cewa shi a Maratta aka haife shi, a ƙasar baƙar fata. Marattan nan kuwa tana cikin ƙasarmu Nijar. Shehu ya yi imani da zuwan Mahadi, har yana fatan aikinsa ya sadu da nasa, amma bai yarda a ɗora masa rigar da ba tasa ba.

Bayan rasuwarsa a 1817, sha'awar ƙaura zuwa gabas don tarbar Mahadi ba ta kwanta ba. Ayari bayan ayari suna tashi, har ƴarsa Nana Maryamu ta rubuta wa Sarkin Kano takarda tana bayyana cewa lokacin bai yi ba, a tsai da mutane. Da Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadiyya a Sudan a 1881, sai Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga mazauninsa na Balda a ƙasar Adamawa, yana kiran mutane su bi. Muhammadu Ahmad ya ci Khartum a farkon 1885, ya rasu a watan Yuni na wannan shekara, bai cika ƙasa da adalci ba, Isa (A.S.) bai sauko a bayansa ba. Hayatu kuwa a Dikwa aka kashe shi a 1898, a hannun mutanen Rabe waɗanda ya haɗa kai da su.

Da Nasara suka ci ƙasa, sai abin ya ƙaru, domin mutane da yawa sun ɗauki zuwansu alama ce ta Dujal. Sarkin Musulmi Attahiru na farko ya fita Sakkwato ya nufi gabas, talakawa da malamai da sarakuna suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, har Turawan Ingila suka cim musu a Burmi ranar 27 ga watan Yuli 1903, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake. Ba mu sa Attahiru cikin masu da'awa ba, domin bai ce shi Mahadi ne ba, hijira ya yi don ƙin zama ƙarƙashin Nasara. Allah Ya karɓi shahadarsa.

Labarin da ya fi kamata ɗan Nijar ya sani shi ne na Kobkitanda da Satiru. A ƙarshen 1905 wani malami makaho, Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya tayar da jama'a a Kobkitanda ta ƙasar Dosso a kan Faransawa, yana yi musu bushara da kusantowar Mahadi. Da aka murƙushe su sai ya tsallaka zuwa Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato. A can kuwa tun 1904 wani malami ya yi da'awar Mahadiyya, aka kama shi ya rasu a tsare, ya bar ɗa mai suna Isa, sunan da ya ƙara wa mabiya yaƙini. Ranar 14 ga watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, da gatura da fartanya da baka, suka fatattaki sojan Ingila suka kashe Turawa uku. Ranar 10 ga watan Maris aka dawo musu da bindigogi masu aman wuta, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, aka kashe Ɗan Makaho a Sakkwato. Ba za mu ce mutanen nan ba su da abin kuka ba. Talakawa ne da bayi da suka gudo daga iyayen gijinsu, haraji da aikin tilas sun ishe su, kuma jaruntakarsu ba abar rainawa ba ce. Amma an gaya musu lokaci ya yi alhali bai yi ba, kuma marayu da zawarawa ne suka biya bashin wannan kuskure.

Na kusa da zamaninmu su ne guda biyu da iyayenmu suka ji a rediyo. Ranar 1 ga Muharram 1400, daidai da 20 ga watan Nuwamba 1979, Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka rufe ƙofofin Masallacin Harami bayan sallar Asuba, suka yi wa surukinsa mubaya'a a gefen Ka'aba a kan shi ne Mahadi. Sunan mutumin Muhammadu ɗan Abdullahi. Wurin mubaya'a shi ne wurin da wata ruwaya ta ambata. Ranar ita ce farkon sabon ƙarni. Mutane da dama a cikinsu sun ce sun gan shi a mafarki. Duk alamomin da ɗan Adam ke iya shiryawa da hannunsa sun shirya su. Aka yi mako biyu ana zubar da jini a wuri mafi alfarma a bayan ƙasa, ɗawafi ya tsaya, aka kashe wanda aka ce Mahadi ne a cikin kwanakin farko. Shekara guda bayan haka, a watan Disamba 1980, rikicin Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda ya kai ga ɗora wa kansa matsayin annabci, ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano, mafi yawan mabiyansa kuwa gardawa ne da ƴan ci-rani, har da ƴan ƙasarmu. Manzon Allah (S.A.W.) ya riga ya faɗa cewa maƙaryata kusan talatin za su taso kowanne yana riya shi annabi ne.

Mun sa mafarki a cikin wannan lissafi da gangan, domin saƙon da ya ruɗi ɗan dattijon nan a kan mafarki aka gina shi. Mafarkin mumini bushara ce gare shi, amma malamai sun haɗu a kan cewa ba a gina hukuncin shari'a a kansa. Ba a sayar da gona a kansa, ba a sakin iyali a kansa.

Sai kuma masu lissafi. Lokacin da shekara ta 1000 bayan hijira ta doso, mutane suka firgita cewa duniya ba za ta wuce ta ba, sai Imamu Suyuɗi, wanda ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya rubuta ɗan littafi yana kwantar musu da hankali cewa al'umma za ta wuce shekara dubu, amma ya ƙara da nasa hasashen cewa ba za ta haura 1500 ba. Yanzu da muka wuce 1445, sai ga masu ciro wannan magana suna tsorata mutane da ita. Suyuɗi babban malami ne, muna karanta Jalalaini kullum, amma wannan ijtihadinsa ne da ya gina a kan ruwayoyi marasa ƙarfi, kuma aya ta 187 ta Suratul A'araf da aya ta 34 ta Suratu Luƙman sun yanke magana cewa sanin lokacin yana wurin Allah Shi kaɗai. Da Jibrilu (A.S.) ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) lokacin, amsar da ya samu ita ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba. Kuma lalacewar zamani ba hujja ba ce ta cewa saura kwana kaɗan. Tun sahabi Anas ɗan Malik (R.A.) yana da rai mutane suka kai masa kukan zaluncin Hajjaju, ya umurce su da haƙuri. Yau fiye da shekara 1,300 ke nan.

To, mene ne shirin?

Wani mutum ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) yaushe ne tashin ƙiyama, sai ya mayar masa da tambayar, ya ce me ya tanadar mata. Wannan ita ce tambayar da ke kanmu.

Ku lura da sahabbai a cikin hadisin Nawwas. An gaya musu Dujal zai zauna kwana arba'in, yini na farko tsawonsa kamar shekara, na biyu kamar wata, na uku kamar mako, sauran kamar kwanakinmu. Da mu ne aka gaya wa haka, da mun tambayi inda za mu ɓuya da abin da za mu ci. Su kuwa abin da suka tambaya shi ne, a yinin nan mai tsawon shekara, sallar yini ɗaya za ta ishe su? Aka ce musu a'a, su ƙaddara lokutan su yi sallolinsu. Da wannan amsa malaman fiƙihu suke ba da fatawa a yau ga Musulmin da ke ƙasashen arewacin duniya inda rana ke yin makonni ba ta faɗi ba. Mutumin da sallar Asuba ke wuce shi a yini mai awa ashirin da huɗu, ladan yana kira da lasifika a bayan gidansa, yaya zai yi da yini mai tsawon shekara? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu da hadisin ya nuna, kuma shi ne ya fi ba mu tsoro, shi ne cewa fitinar Dujal ta ciki ce. Mutanen da suka amsa masa, zai umurci sama ta yi musu ruwa, ƙasa ta yi tsiro, dabbobinsu su dawo da hantsa cike. Waɗanda suka ƙi shi kuwa za su wayi gari cikin fari, babu kome a hannunsu. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a wannan jiha, ko ya ji labarin ta 1984 daga bakin iyayensa, ya san abin da ake nufi da a ce wa mai iyali ga hatsi, amma sai ka ba da addininka. Kuma wannan jarrabawa ƙananan irinta suna zuwa mana tun yanzu. Wanda ke kai wa ɓarayin daji rahoton maƙwabcinsa don a ba shi jikka goma, da wanda ke kai musu mai da burodi yana cewa ai ciniki ne, da mai sayen saniyar da ya san ta sata ce don ta yi araha, da mai tiya biyu, ta saye dabam ta sayarwa dabam, da mai ɓoye hatsi yana jiran bazara ta yi tsanani, duk an gwada su da abin da bai kai ƙwayar gero ba in an kwatanta da abin da Dujal zai zo da shi, kuma sun faɗi. Muslim ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah (S.A.W.) cewa a gaggauta ayyukan ƙwarai kafin fitinu masu kama da yankin dare mai duhu, inda mutum zai wayi gari mumini ya kai maraice kafiri, ya sayar da addininsa da ɗan abin duniya. Mai son ya san ko zai tsaya a gaban Dujal, ya dubi yadda yake tsayawa a gaban jikka goma.

An kuma umurce mu, a hadisin Imrana ɗan Husaini (R.A.) da Abu Dawuda ya ruwaito, cewa wanda ya ji labarin Dujal ya nisance shi, domin mutum zai je masa yana ganin imaninsa da ƙarfi, ya ƙare da bin sa saboda shubuhohin da zai gani. Wannan ya shafi masu cewa bari in je wurin boka in gani kawai, da masu sauraron kowane saƙo da ya faɗo cikin salula su tura wa mutum hamsin kafin su tambayi malami ɗaya. Wanda ya fara aika saƙon nan na mafarki ba mu san fuskarsa a masallacinmu ba, amma wanda ya tura shi ga ɗan dattijon nan maƙwabcinsa ne, kuma da an sayar da gonar, yana da kaso a cikin alhakin.

Sannan akwai kariya guda biyu da aka ba mu a hannu, ba su bukatar guzuri ko fasfo. Ta farko, haddace ayoyi goma na farkon Suratul Kahfi, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abud Darda'i (R.A.). Ta biyu, neman tsari daga azabar Jahannama da azabar kabari da fitinar rayuwa da mutuwa da fitinar Dujal a ƙarshen tahiya kafin sallama. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana koya wa sahabbai wannan addu'a kamar yadda yake koya musu sura, kuma duk wanda ya karanta Risala a zaure ya tarar da ita a babin siffar salla. Mun gwada tambayar matasan da ke zama bayan Magariba, masu iya kawo labarin Yajuju da Majuju tiryan-tiryan, muka tarar kaɗan ne suka iya ta.

Game da barin aiki kuwa, Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas (R.A.) cewa ko ƙiyama ce ta tsaya alhali ɗayanmu yana riƙe da dashen dabino, in yana da ikon dasa shi kafin ta tashi, to ya dasa. Babu inda aka ce ya jefar ya kama hanya. Kuma Muslim ya ruwaito daga Ma'aƙil ɗan Yasar (R.A.) cewa ibada a lokacin kashe-kashe da rikici tana daidai da yin hijira zuwa ga Manzon Allah (S.A.W.). Ashe mai neman ladan hijira a irin wannan zamani yana iya samunsa a Ɗan Issa, a sahunsa, a gonarsa, a kan ƙannensa. In Allah Ya ƙaddara Mahadi ya bayyana muna da rai, al'amarinsa ba zai zo a ɓoye cikin saƙon salula ba, malaman duniya za su san shi, kuma mutanen da zai bukata su ne masu salla da amana, a duk inda suke. In kuwa ajali ya riga, to ƙofar tuba da za a rufe wa duniya ranar da rana ta fito daga yamma, ana rufe wa kowannenmu tasa ranar da rai ya kai maƙogwaro. Waɗanda rami ya rufta da su a 2021 da safe suka fita gida kamar kowa.

Mun zauna da yaron nan da mahaifinsa har sau biyu, muka karanta masa waɗannan hadisai daga littattafansu, ya yi tambayoyi masu kyau, wasu ma sun sa mu koma ga littafi. Bai ce ya gamsu da kome ba, amma ya yarda a dakata, kuma ranar kasuwar da ta wuce mun gan shi da amalanke yana kai taki gonar.

Daga ranar Alhamis mai zuwa, in Allah Ya so, za mu fara bitar ayoyi goma na farkon Suratul Kahfi da addu'ar ƙarshen tahiya tsakanin Magariba da Isha'i, aya biyu kowane mako, tare da fassara. Iyaye su zo da ƴaƴansu, kowa da allonsa ko Alƙur'aninsa, kuma kada dattijo ya ji kunyar zama tare da yara. Mata za su yi nasu a makarantarsu ranar Asabar da hantsi. Muna roƙon limaman ƙauyuka da wannan takarda za ta isa gare su da su karanta ta ga jama'arsu, su kuma aiko mana da tambayoyin da suka taso.